Hana Waya, Sa Ido, ko Rakiya: Wacce Hanya Ce Ta Fi Dacewa da Tarbiyyar Ɗanka?

Da zarar yaro ya doshi shekara goma, maganar waya ta shigo gida ke nan. Ko shi ya fara roƙo, ko malaminsa ya ce a duba aikin gida a intanet, ko wani ɗan'uwa ya sauya waya ya miƙo masa tsohuwar da sunan kyauta. Daga nan iyaye sukan rabu gida uku. Akwai masu cewa a hana kawai, sai ya mallaki hankalin kansa. Akwai masu cewa a ba shi, amma a ɗaure wayar tamau da manhajojin sa ido. Akwai kuma masu ganin hani da ɗauri duk ɓata lokaci ne, a zauna da yaro a cusa masa tsoron Allah har ya iya riƙe kansa. Kowane ɓangare yana da ayarsa da hadisinsa, kuma ba wanda ya yi ƙarya. A ganina kowacce hanya tana da shekarunta, kuma mafi yawan ɓarnar da ake gani tana zuwa ne daga riƙe hanya bayan lokacinta ya wuce, ko kama ta tun lokacinta bai yi ba.

Mu fara da hani, domin shi ya fi sauƙin fahimta. Masu wannan ra'ayi suna tsaye ne a kan ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wadda malaman fiƙihu, musamman na Malikiyya, suka yi fice da ita: abin da asalinsa halal ne ana iya hana shi idan ya zama ƙofa zuwa haram. Suna kuma kawo aya ta 6 a Suratut Tahrim, inda aka umarci muminai su kare kansu da iyalansu daga wuta. Ba su kaɗai ba ne a wannan tunani. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a daren Juma'a, Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Ostireliya kuwa ta zartar da doka a Nuwamban 2024, ta fara aiki a Disambar 2025, wadda ta ɗora wa kamfanoni alhakin hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a shafukan sada zumunta. Wato uban da ya hana ɗansa ɗan shekara tara waya ba baƙauye ba ne, ba kuma tsananin ra'ayi ke damunsa ba.

Akwai wani abu da ya kamata iyaye su sani game da shekara 13 da Facebook, Instagram, TikTok da Snapchat suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. Ba wani malami ko likita ne ya zauna ya ce a wannan shekarar yaro ya isa ba. Lambar ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yara 'yan ƙasa da 13 ba da yardar iyayensu ba. Batun kare bayanai ne, ba shaidar hankali ba. Don haka in yaro ya ce, "Abba, ai na kai 13, su ma sun yarda," amsar ita ce sun yarda su karɓi bayanansa ne kawai.

To ina raunin hani? Yana karewa, amma ba ya koyarwa. Yaron da aka hana waya a gida zai riƙe ta abokinsa a makaranta, kuma abin da zai fara gani a can ba kai ka zaɓa ba, ba kuma zai zo ya tambaye ka a kansa ba, tunda tambayar kanta tona asiri ce. Sannan akwai ranar da hanin zai ƙare dole: ya tafi jami'a ko ya fara neman na kansa, ya sayi waya da data, babu mai ce masa ajiye. Wanda bai taɓa gwada kame ido a gaban allo yana ƙarƙashin kulawa ba, a ranar ne zai fara gwadawa shi kaɗai. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi gargaɗin cewa tsanani a tarbiyya yana koya wa yaro ƙarya da yaudara, domin yakan nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hukunci. Duk wanda ya san labarin ɓoyayyiyar waya a ƙarƙashin katifa ya san maganar ba ta tsufa ba.

Kuma hana babbar waya ba ya nufin yanke yaro daga duniya. Ƙaramar waya mai kira da saƙo kawai, tare da kwamfuta ɗaya ta gida da ke ajiye inda kowa yake wucewa, sun isa biyan buƙatar ɗan firamare, har da aikin makaranta da sauraren karatun Alƙur'ani.

Hanya ta biyu, sa ido, iri biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne babban kuskure. Iri na farko shi ne iyaka a bayyane. Google ya fito da Family Link a 2017, Apple ya kawo Screen Time a 2018. Da su uba ko uwa za su iya ƙayyade awannin amfani, su kulle wayar da dare, su hana sauke manhaja sai da izininsu, su toshe shafukan batsa. TikTok yana da Family Pairing tun 2020, Instagram kuma ya kawo asusun matasa a Satumbar 2024, wanda yake zuwa a kulle, kuma ɗan ƙasa da 16 ba zai sassauta shi ba sai da yardar iyaye. Duk waɗannan yaro ya san suna nan. Ina ganin wannan yana da asali mai kyau a Sunna. A Hajjin Bankwana, Fadlu ɗan Abbas yana bayan Annabi (SAW) a kan abin hawa, wata mata daga ƙabilar Khas'am ta zo tambaya, Fadlu ya riƙa kallonta. Annabi (SAW) ya juyar da fuskar saurayin zuwa ɗaya ɓangaren. Ya sa hannu ya shiga tsakanin ido da abin kallo, a fili, ba zagi ba tozarci. Iyakar da yaro ya san da ita haka take.

Iri na biyu shi ne leƙen asiri: a dasa wa yaro manhajar da ke kwafe saƙonninsa bai sani ba, ko a jira ya yi barci a ɗauki wayarsa a bi hirarrakinsa ɗaya bayan ɗaya. A nan nake da ja sosai. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Gaskiya ne matsayin uba a kan ƙaramin yaronsa ba ɗaya yake da na baƙo ba, shi makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin kiwonsa, don haka in akwai alama ƙarara ta haɗari, bincike ya zama wajibi. Amma mayar da leƙe al'adar kullum ga matashin da ya balaga, ba tare da wani dalili ba sai zargi, wannan ya faɗa cikin abin da Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya, cewa Annabi (SAW) ya ce in ka bibiyi aibun mutane za ka ɓata su, ko ka kusa ɓata su. Ranar da yarinya ta gano mahaifiyarta tana karanta saƙonninta a ɓoye, abin da za ta koya shi ne goge hira da buɗe asusu na biyu, kuma amanar da ta karye a ranar ba ta ɗinkuwa da sauri.

Ko iyakar da ke bayyane ma tana da inda ta tsaya. Abin da babba ya hango, an ce yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma a harkar waya sau da yawa yaron ne a saman rimin. Ya san ƙara wa kansa shekaru wajen rajista, ya san manhajojin da ke zagaye shinge, kuma iyakar minti 60 da TikTok ya sa wa 'yan ƙasa da 18 a 2023, matashi yana wuce ta da shigar da lambar sirri kawai. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawancin zunubban waya ba irin waɗanda manhaja ke ganewa ba ne. Za ta iya toshe shafin batsa. Ba za ta gane gulma a guruf ɗin 'yan aji ba, ko izgili ga yarinyar da aka yaɗa hotonta ana dariya, ko hassadar da ke tsirowa daga kallon rayuwar ƙarya ta wasu, ko riya a ibadar da aka yi don kyamara, ko tura labarin da ba a tabbatar ba. Hirar WhatsApp a rufe take tun 2016, daga mai aikawa sai mai karɓa, kuma akwai saƙon da ke ɓacewa bayan an gani sau ɗaya. Iyayen da suka sa manhaja suka kwanta da sunan an gama tarbiyya sun tsare ƙofa ɗaya ne a gida mai ƙofofi da yawa.

Hanya ta uku, rakiya, ita ce ta fi kusa da abin da Musulunci yake nufi da tarbiyya, kuma ita ta fi tsada. Manufarta yaro ya kai ga jin cewa Allah yana ganinsa, abin da hadisin Jibrilu ya kira ihsani: ka bauta wa Allah kamar kana ganinsa, in ba ka ganinsa to shi yana ganinka. Luƙman ya gaya wa ɗansa, a aya ta 16 ta surar da ke ɗauke da sunansa, cewa ko aiki ya kai ƙanƙantar ƙwayar komayya, yana cikin dutse ko sammai ko ƙasa, Allah zai zo da shi. Ibn Abbas bai wuce shekara goma sha uku ba lokacin da Annabi (SAW) ya yi wafati, ke nan yana ƙasa da haka Annabi (SAW) ya ce masa, "Ya kai yaro, zan sanar da kai wasu kalmomi: ka kiyaye Allah zai kiyaye ka." Ba a jira ya girma ba, kuma a kan hanya aka faɗa masa, suna tafe a kan abin hawa ɗaya. Waya ta mayar da kaɗaici abin da ke cikin aljihu, don haka wannan darasi ya tashi daga adon wa'azi ya koma buƙatar yau da kullum. Ibn Majah ya ruwaito daga Sauban labarin mutanen da za su zo da ayyuka kamar duwatsu a mayar da su ƙura, saboda in sun kaɗaita da abin da Allah ya haramta sai su keta shi.

Yaya rakiya take a aikace? Ga misali. Saƙo ya shigo wayar uwa, an ce hadisi ne, a ƙarshe an rubuta cewa duk wanda ya tura wa mutum goma zai ga alheri, wanda ya ƙi kuma zai ga musiba. Ta kira 'yarta mai shekara goma sha ɗaya ta nuna mata.

"Karanta min wannan. Waye ya ruwaito shi?"

"Ba a rubuta ba, Umma."

"Waye ya fara turo shi?"

"Ban sani ba, an ce dai an tura sau da yawa."

"To in muka tura, kuma ya zama ƙarya aka yi wa Annabi, laifin wa?"

Minti biyar ke nan, amma yarinyar ta ga aya ta 6 ta Hujurat, wadda ta yi umarnin tantance labari kafin a yi aiki da shi, tana aiki a tafin hannu, ta kuma ji abin da Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa, cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. A wannan gabatarwar ne kuma aka kawo maganar Ibn Sirin cewa wannan ilimi addini ne, ku duba daga wa kuke karɓar addininku. Matashin da ke ɗaukar fatawa daga bidiyon daƙiƙa talatin, ko daga manhajar ƙirƙirarriyar basira da kan iya ƙago hadisi har da lambarsa, yana buƙatar wannan magana fiye da kowa. Yana kuma buƙatar malami na zahiri wanda zai iya tambaya ido da ido.

Rakiya tana bayyana ƙarfinta ne ranar da abu ya lalace. Akwai masu yaudarar matasa, maza da mata, su turo hoton tsiraici, sannan su koma barazanar yaɗawa in ba a ba su kuɗi ko ƙarin hotuna ba. Yaron gidan hani ba zai iya faɗa ba, domin tun farko bai kamata a gan shi da waya ba. Yaron gidan leƙen asiri ya riga ya ɗauki iyayensa a matsayin 'yan sanda. Wanda aka saba zama da shi, aka taɓa ce masa "duk abin da ya faru ka zo, za mu yi faɗa daga baya amma za mu fara fitar da kai," shi ne mai yiwuwar buɗe baki, a gaya masa kada ya biya, kada ya goge shaida, a toshe mutumin a kai ƙara. Ku tuna saurayin da ya zo wa Annabi (SAW) yana neman izinin zina, kamar yadda Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama. Mutane suka taso masa, Annabi (SAW) ya ce ya matso, ya tambaye shi ko zai so a yi da mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, sannan ya ɗora masa hannu ya yi masa addu'a. Abin lura shi ne saurayin ya ga fuskar da zai iya kawo irin wannan tambaya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da shawara mai kama da haka: in yaro ya yi kuskure karo na farko yana ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi, in ya maimaita a yi masa faɗa a keɓe, kuma kada a yawaita zargi har ya daina jin zafinsa.

Amma kada a ruɗe mu da daɗin wannan hanya. Iyaye da yawa da ke cewa "ni na yarda da ɗana, tarbiyya na ba shi" sakaci suke yi wa ado. Rakiya tana cin lokaci, tana buƙatar ka san abin da yaron ke kallo da sunayen waɗanda yake bi, kuma tana buƙatar ka gyara taka wayar, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Uban da ake kiran salla yana kan bidiyo ba shi da bakin cewa a ajiye waya. Sannan akwai rashin adalci a ce ɗan shekara tara ya yi kokawa shi kaɗai da manhajar da ƙwararru suka gina don ta riƙe ido: bidiyo na bin bidiyo ba ƙarshe, kuma tsarin yana lura da inda ka daɗe ya ƙaro maka irinsa. Takardun cikin gida na Facebook, kamfanin da ya mallaki Instagram, waɗanda tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kamfanin yana da binciken da ke cewa Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata damuwa game da surar jikinsu. Manya masu gemu ma suna faɗuwa a wannan kokawa. Shari'a ba ta ɗora wa yaro alƙalami kafin balaga ba, bai kamata mu ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

To wanne za a zaɓa? Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ba mu tsari, ko da yake a kan dukiyar marayu ta sauka: a riƙa jarraba su har su balaga, in an ga shiriya a tare da su sai a miƙa musu dukiyarsu. Ba a ce a miƙa tun suna yara ba, ba a ce a riƙe har abada ba, kuma ba shekaru kaɗai aka duba ba. Haka hadisin salla ya sa matakai, umarni a shekara bakwai, tsanantawa a goma. In aka bi wannan, kafin shekara goma hani ne ya fi rinjaye: babu babbar wayar kansa, abin da zai kalla kuma a gaban manya. Daga nan zuwa wajen goma sha huɗu ko sha biyar, iyaka a bayyane, babu shafukan sada zumunta tukuna in da hali, iyaye sun san lambar sirri kuma yaro ya san sun sani. Bayan haka a riƙa sassauta igiya gwargwadon abin da aka gani: yana tashi sallar asuba? Yana ajiye waya da kansa in lokaci ya yi? Ya taɓa kawo maka wani abu da ya dame shi? Rakiya kuwa ba ta jiran mataki, da ita ake farawa, sai dai nauyinta yana ƙaruwa yayin da na sauran biyun ke raguwa.

Halin gida ma yana sauya lissafi. Iyayen da aiki ba ya barinsu zama su jinkirta ba da babbar waya fiye da kowa, domin hanyar da ta rage musu ita ce wadda ba sa da lokacinta. Waɗanda ba su iya sarrafa waya sosai ba su nemi wani amintacce a dangi ya saita musu iyakokin, su kuma su riƙe abin da ba ya buƙatar ilimin na'ura: waya ba ta kwana a ɗakin barci, kowa ya ajiye tasa wuri ɗaya bayan isha'i, har da ta Abba da ta Umma. In kuwa an riga an ba yaro waya ba ƙa'ida, ƙwacewa dare ɗaya yakan haifar da yaƙi. A'isha (RA) ta ce, kamar yadda Buhari ya ruwaito, da farkon abin da ya sauka na Alƙur'ani shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bar ta ba har abada. A fara da dokar dare, a bi da sauran sannu a hankali.

Sai kuma bambancin da gidaje da yawa ke yi, a tsananta wa 'ya mace a sakar wa namiji, wai shi ba ya jawo abin kunya. A Suratun Nur umarnin runtse ido ga maza ne ya fara zuwa a aya ta 30, na mata ya biyo a ta 31. Saurayin da ke tura wa 'yar wani saƙon banza da tsakar dare, ko yake yaɗa hotonta a guruf, daga wani gida ya fito, kuma galibi gidan da ba a taɓa tambayar me ke cikin wayarsa ba ne. Duk matakin da aka zaɓa wa yarinya a shekarunta, a zaɓa wa ɗan'uwanta irinsa a nasa.